Na sayi tsohon CBR600, daga ina zan fara gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na sayi babur Honda CBR600F3 ƙirar 1997 a hannun wani da ya jingine shi a zaure shekara uku. Ba ya tashi, robobin jikinsa kuma sun tsage ta gefe guda. So nake in gyara shi da hannuna a gida, in sake masa fenti, in sa salansa mai ƙara, in cire akwatin iskarsa in sa ƙananan filtocin nan da nake gani a bidiyo. Na ɗan iya taɓa Jincheng. Daga ina zan fara? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka yi dace da babur. Honda ta ƙera F3 daga 1995 zuwa 1998, injinsa silinda huɗu a jere, cc 599, ruwa ke sanyaya shi, kuma yana da juriya idan ba a wulaƙanta shi ba. Sai dai jerin da ka kawo a juye yake. Fenti da salansa su ne na ƙarshe. Kuɗinka na farko zai tafi ne a wuraren da babu mai gani balle ya yaba maka.

Kafin ka ɗaga sufana, duba lambar shasi a wuyan babur, ka gwada ta da takardun kwastam da na rajista. Idan ba su zo ɗaya ba, tsaya nan ka koma wa wanda ya sayar maka.

Kada ka haɗa sabon batir ka hau danna sitata. Injin da ya yi shekara uku a kwance bangon silindarsa a bushe yake. Kwance fulogi huɗun, ka ɗiga ɗan baƙin mai a kowane rami, ka bar shi ya kwana. Da safe ka sa giya ta 6, ka ɗaga tayar baya ka juya ta da hannu. In ta juya sumul, alhamdu lillahi. Daga nan ka sauya baƙin mai da filta, ka aro ma'aunin kwamfireshin, wato ƙarfin matse iska a cikin silinda, ka auna kowace silinda. Abin nema shi ne huɗun su yi kusa da juna, kada tazararsu ta wuce kamar kashi 10 cikin ɗari. Wannan awon ne zai gaya maka ko aikin gida ne ko sai an sauke inji. Baƙin man kuma ka nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin galan. Kulocin babur ɗin a cikin mai yake wanka, wasu mayukan mota kuwa suna sa shi santsi.

Haska tocila cikin tanki. In ka ga tsatsa, cika shi da ruwan khal ya yi kwana ɗaya zuwa biyu, ka ɗauraye da ruwa mai ɗan bekin soda, ka busar da shi sarai, ka zuba fetur nan take don kada tsatsar ta dawo.

Yanzu ga inda za ka sha wuya: kabureta. Jincheng guda ɗaya gare shi, wannan kuwa huɗu ne a manne. Tsohon fetur kan daskare ya koma kamar ƙaro, ya toshe ƙaramin jet ɗin sulo, wanda raminsa bai kai kaurin allura ba. Ka ciro su a haɗe yadda suke, kada ka raba su da juna. Kowane mataki ka ɗauki hotonsa da waya, ka samo kiret ɗin ƙwai ka ware wa kowace kabureta layinta, don kada kayan ta farko su faɗa cikin ta uku. Sukurorin Japan sun yi kama da na sukudireba mai gicciye amma ba ɗaya suke ba, JIS ake kiransu, sau da yawa akwai ɗan ɗigo a kansu. In ka matsa musu da sukudireban kasuwa sai kan ya cinye, ka wuni kana ciwon kai a kan sukuru ɗaya. Jet ɗin ka jiƙa shi a maganin wanke kabureta ka hura masa iska har sai ka hango haske ta cikinsa. Kar ka zura masa allura ko wayar ƙarfe, ramin zai buɗe, mai ya riƙa yin yawa. Akwai wata baƙar roba mai laushi a saman kowace kabureta, ita ke ɗaga silaid, wato ƙyauren da ke buɗe wa iska hanya. Cire ta ka ajiye gefe kafin ka fesa magani, domin yana lalata ta, samunta kuma ko a kasuwar Kofar Ruwa ta Kano sai an sha yawo. Bayan ka mayar, dole a daidaita huɗun da ma'aunin iska su riƙa numfashi tare. Saita sulo da kunne, yadda aka saba a garejin ƴan acaɓa, ba ya aiki a nan.

Da ya tashi, ɗora mitar auna wuta a kan batir. In ka ɗan ba shi totur ya kamata ka ga volt tsakanin 13.5 da 14.5. Ƙasa da haka ko sama da 15, rektifaya ce, na'urar da ke daidaita wutar cajin batir, sanannen ciwon Honda na shekarun 1990. Duba soket ɗin da wayoyi uku masu ruwan ɗorawa ke shiga, sau da yawa za ka tarar ya narke. In kuma ka ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani daga gefen inji, yawanci tenshinar sarkar cikin inji ce ta gaji, sauya ta ba wuya.

Taya da birki ba a ciniki a kansu. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin rubutun DOT: 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida ta bushe, ko da zanenta bai goge ba. Wani matashi ya taɓa kawo mini babur ɗinsa, fenti sai sheƙi kamar motar amarya, da na durƙusa na karanta tayar sai ga ta ta girmi ƙanensa da ya rako shi. Man birki DOT 4 ne, a zubar da tsohon gaba ɗaya. Ka shafa yatsa a sandunan shokozobar gaba, in ka ji maiƙo sil ya mutu, kuma man yana gangarowa kan birki. Ruwan lagireto ka sa na gaske, ruwan rijiya yana cin aluminiyam, ka kuma tabbatar fanka na tashi kafin zafin Afrilu ya kama ka a cunkoso.

To, batun ado. Ƙananan filtocin nan ban yarda da su ba ko kaɗan. Kaburetocin F3 da akwatin iskarsu aka tsara su, har da bututun da ke shigo da iska daga gaba. Ka cire shi, babur zai riƙa shaƙewa a tsakiyar totur, ga ƙurar hunturu da za ta wuce kai tsaye ta cinye maka ringi. Masu bidiyon ba a cikin hazonmu suke hawa ba. Salansa kana iya sauya tukunyar baya kaɗai, amma ka duba launin fulogi bayan ƴan kwanaki: in ya yi fari fat, fetur ya yi kaɗan, inji na zafi, sai an sake jet. Ka kuma tuna da maƙwabta da asuba.

Robobin jiki irin robar da ake kira ABS ne, suna liƙuwa. Huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ka narkar da gutsuren irin robar a cikin asiton har ya yi kauri kamar kunu, ka shafa ta ciki. Gam ɗin shago ba ya jure girgiza. Fentin gwangwani na gama-gari kuwa fetur na ɗiga a kansa zai kwaɓe, don haka tanki ka kai wa mai fentin mota ya rufe shi da kiliya mai haɗi biyu. In ka sauya launi, a gyara shi a takardun rajista.

Fara da awon kwamfireshin ɗin a wannan makon, ka aiko mini da lambobi huɗun da ka samu, da hoton cikin tankin.