Mastar ko MBA: kafin a sayar da shanun Baba

Tambaya: Malam, ina da lisansi ta gudanarwa daga Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa. Shekara biyu ke nan ina riƙe da littafin kuɗi a wani shagon siminti da ƙarfe. Burina in jagoranci ma'aikata a babban kamfani. Baba ya ce zai sayar da shanu in tafi Yamai in yi mastar ko MBA. Wanne ya fi dacewa da ni?

Amsa: Ƙanena, Allah ya saka wa Baba da alheri. Amma a bar shanun nan a garke tukuna.

Biyun ba abu ɗaya ba ne. Mastar, a tsarin LMD (lisansi, mastar, dakta) da jami'o'inmu ke bi, shekara biyu ce bayan lisansi, kuma ana rufe ta da kundin bincike da za ka kare gaban malamai. Akwai ta sana'a, akwai ta bincike ga mai son koyarwa; kai ta sana'a kake nema. Ita kuwa MBA, wato babban digiri na gudanar da kasuwanci, a Amurka aka haife ta, a Jami'ar Harvard a 1908, kuma yawanci ana karɓar wanda ya riga ya ɗanɗana aiki. A aji za a ajiye muku matsalar wani kamfani a ce ku warware, wanda bai taɓa bin bashi ba sai dai ya yi zaman ɗan kallo.

Shi ya sa nake jin zafi in na ga matashi yana raina aikin shago. Ka san ranar da mota ta sauke siminti buhu goma a fashe, ka san magini mai cewa zai biya in mai gida ya turo kuɗi daga Abijan, ka san yadda ake ganin riba a littafi alhali akwati wayam. Wannan jari ne. Sai dai shekara biyu ta yi kaɗan, kuma ba ka riƙe mutane ba tukuna. Roƙi mai gidanka ya ba ka kula da sito da yaran lodi, ko mutum uku ne. A ganina, ka ƙara shekara biyu ko uku kafin MBA.

In kuwa ba ka iya jira, ka nemi mastar ta sana'a a fannin kuɗi, binciken asusu ko kula da ma'aikata, ka fara duba Jami'ar Abdou Moumouni. Makarantu masu zaman kansu sun cika Yamai, wasu na ƙwarai, wasu allo ne kawai a bakin titi. Kada ka biya ko dala sai sun nuna maka izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi da shaidar CAMES, hukumar tantance takardun manyan makarantun Afirka da ke Wagadugu. Ka lura, ita takardar da za ka karanta ake amincewa da ita, sunan makaranta bai isa ba. Na ga yarinyar da ta kwashe shekara biyu tana karatun dare, da ta kai takardunta gasar ɗaukar aiki aka mayar mata da su. Har yau abin yana ci mini rai.

A waje akwai CESAG, makarantar koyon gudanarwa ta Dakar, wadda ke ƙarƙashin BCEAO, babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, takardarta na da nauyi a bankuna. In cinikin iyaka ta Ƙonni kake hange, MBA ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko ta Bayero a Kano za ta ba ka Turanci da abokan hulɗa. Amma Najeriya ba ta cikin OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu bin dokar kasuwanci ɗaya irin su Nijar, don haka in ka dawo sai ka sake zama kan SYSCOHADA, tsarin riƙe littafin kuɗi na ƙasashen ƙungiyar, wanda sabon tsarinsa ya fara aiki a Janairun 2018.

Wannan makon ka nemo mutum biyu da suka gama makarantar da kake so, ka tambaye su inda suke aiki yanzu, sannan ka koma wurin Baba ku yi lissafi.