Filin Lafiya: Tambayoyinku Kan Zuciya da Jini

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Na kai 'yata mai shekara tara asibiti, likita ya saurari ƙirjinta ya ce yana jin wani ƙarin sauti, ya tura mu a yi mata hoton zuciya. Me ya ji, kuma abin tsoro ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama, Allah ya ba ta lafiya. Zuciya tsoka ce mai ɗakuna huɗu, biyu a sama masu karɓar jini, biyu a ƙasa masu tura shi. Jinin da ya gama zaga jiki yana shigowa ɗakin sama na dama, ya gangara na ƙasa, daga nan a tura shi huhu ya ɗauko iskar oksijin. Sai ya dawo ta hagu, ɗakin ƙasa na hagu ya cilla shi cikin babbar jijiya zuwa ko'ina a jiki. Saboda nisan tafiyar nan ne bangon ɗakin hagu ya ninka na dama kauri kusan sau uku. Tsakanin dama da hagu akwai bango wanda bai kamata jini ya ratsa ba. Ibn al-Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira a ƙarni na 13, shi ya fara bayyana cewa ta huhu jini ke bi ya tsallaka hagu, kafin William Harvey, likitan Ingila, ya fayyace dukan zagayen a 1628.

A bakin ɗakunan ƙasa akwai ƙofofi huɗu, wato bawul, masu buɗewa ta fuska ɗaya don kada jini ya koma baya. Ƙarar rufuwarsu ce likita ke ji, sau biyu a kowane bugu: ta farko sa'ad da ƙofofin tsakanin sama da ƙasa suka rufe, ta biyu sa'ad da na mafita suka rufe. Ƙarin sautin kuwa shuuu ne na jinin da ke gudu a hargitse.

A yara, galibi wannan ba cuta ba ne. Ƙirjinsu ba kauri, jininsu na gudu da sauri, balle in akwai zazzaɓi ko ƙarancin jini, kuma yakan ɓace da girma. Amma akwai abu biyu da likita ke son ya kawar da shakku a kansu. Ɗaya huda ce a bangon tsakiya da aka haifi yaro da ita. Ɗayan, wanda ya fi damun mu a tsakanin shekara 5 zuwa 15, lalacewar ƙofa ce bayan ciwon maƙogwaro na ƙwayar cutar sitireptokokas da ba a yi maganinsa ba. Mako biyu zuwa uku bayan ciwon, garkuwar jiki kan juya ta afka wa gaɓoɓi da zuciya, kuma ƙofar hagu ta tsakanin sama da ƙasa ce ta fi shan wuya: ko ta ƙanƙance, ko ta riƙa yoyo. In hakan ne, ana yin allurar fenisilin duk mako uku ko huɗu na tsawon shekaru don kada ɓarnar ta ƙaru. Hoton da aka ce a yi da sauti yake aiki, ba zafi ba allura. Kada ki jinkirta yin hoton, musamman in tana haki wajen wasa, ko ta taɓa yin ciwon gaɓoɓi mai tashi daga wannan gaɓa zuwa waccan.

Tambaya: Ina da cikin wata bakwai. An auna jinina an ce 9.5 ne, ga haki, ga zuciyata na bugawa da ƙarfi ko ɗan motsi na yi. Ciwon zuciya ne ya kama ni?

Amsa: Allah ya sauke ki lafiya. Mafi kusa dai zuciyarki lau take, aiki ne ya ƙaru mata. Kusan kashi 55 cikin ɗari na jini ruwa ne, ragowar kuma ƙwayoyi, mafi yawansu jajaye. A cikin jajayen akwai himogulobin, sinadari mai ɗauke da ƙarfe, shi ke dakon oksijin. Shi aka auna miki: giram 9.5 a kowace mililita 100. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar ƙasa da 11 a mai ciki a matsayin ƙarancin jini, ƙasa da 12 a macen da ba ta da ciki, ƙasa da 13 a namiji.

Ga alaƙarsa da bugun. A zaune, zuciyar babban mutum na tura kimanin mililita 70 a kowane bugu, sau 70 ko makamancin haka a minti, wato kusan lita biyar. Idan kowace lita tana ɗauke da oksijin kaɗan, babu yadda za a biya wa jiki buƙatarsa sai a ƙara yawan zagayen, shi ya sa kike jin bugun har a kunne. Ciki kansa yana ƙara ruwan jini da kusan rabi, jajayen ƙwayoyi kuma ba sa ƙaruwa daidai da haka, sai jinin ya tsinke. Ga jariri yana jan nasa rabon ƙarfen.

Ƙwayar ƙarfe da folik asid da aka ba ki su ne maganin, amma sai da haƙuri, domin ɓargo ne ke ƙera sababbin ƙwayoyi. In ana sha kullum, ana sa ran awon ya hau kamar giram ɗaya cikin mako biyu zuwa huɗu. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba komai ba ne, kuma ba dalilin dainawa ba ne. Ki raba tsakanin ƙwayar da shayi ko madara da awa biyu, don suna hana hanji tsotsar ƙarfen. In wata ya wuce awon bai motsa ba, a binciki zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, zubar jini ko sikila. Idan kuwa ya sauka ƙasa da 7, ko haki ya hana ki kwanciya a miƙe, a ranar za ki koma asibiti.

Tambaya: Mahaifina yana da hawan jini, 150 bisa 95. Wani ya ce ya ba da gudummawar jini, in jinin ya ragu zai sauka. Gaskiya ne?

Amsa: A'a, Malam. Jinin Baba bai fi na kowa yawa ba, lita biyar ɗin nan ce. Abin da ake aunawa shi ne ƙarfin da jini ke dannar bangon jijiya: 150 lokacin da zuciya ta matse, 95 lokacin da ta saki. Ka toshe rabin bakin tiyo da yatsa ka gani, ruwan bai ƙaru ba amma ƙarfinsa ya ƙaru. Haka ƙananan jijiyoyi ke yi in sun tsuke ko sun yi tauri da shekaru, ƙoda kuma in tana riƙe gishiri sai ta ƙara wa abin nauyi. Leda ɗaya ta jini kusan mililita 450 ce, jiki na mayar da ruwanta cikin kwana ɗaya ko biyu, awon ya koma inda yake.

Ana tabbatar da hawan jini ne in awo ya kai 140 bisa 90 a ranaku biyu dabam-dabam, mutum yana zaune ya huta minti biyar, hannu daidai da ƙirji. Haɗarinsa shi ne ba ya ciwo, amma ɗakin hagu na ta yin kauri har ya gaji, jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda na lalacewa. Kuskuren da muka fi gani shi ne a sha magani, awo ya daidaita, a ce an warke a ajiye. Maganin ne ke riƙe da shi. Ya rage gishiri zuwa ƙasa da giram biyar a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya har da wanda ke cikin girki, ya kuma ci gaba da shan maganinsa.

Tambaya: Me ya sa jijiyoyin bayan hannuna kore ne, alhali jini ja ne?

Amsa: Jinin cikinsu ma ja ne, sai dai ja mai duhu, don ya sauke wani kaso na oksijin ɗinsa. Jan haske ne ke ratsa fata, jinin jijiyar ya haɗiye shi, sai ido ya ga wurin kamar kore ko shuɗi-shuɗi. Waɗannan jijiyoyin masu mayar da jini zuciya ne, bangonsu siriri, ba sa harbawa, shi ya sa daga cikinsu ake ɗibar jini. Masu fitowa daga zuciya sun fi nitsewa cikin nama. Ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka ta gefen babban yatsa, za ka ji ɗayarsu na harbawa, ka ƙirga bugun na minti ɗaya: 60 zuwa 100 a zaune shi ne daidai ga babban mutum.