Tambaya da Amsa: Ɗana ya dame ni da tambayar yadda jirgi yake tashi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da yaro ɗan shekara 9, kullum tambayarsa ɗaya, wai ta yaya jirgin sama duk nauyinsa yake tashi amma shi in ya yi tsalle sai ya dawo ƙasa. Ni kuma ban yi nisa a kimiyya ba. Akwai abin da zan iya yi da shi a gida ya gani da idonsa? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya miki shi. Gaskiya kar ki fara da jirgin, ki fara da iskar kanta, domin yawancin yara gani suke iska ba komai ba ce tunda ba a ganinta. Ki cusa busasshiyar takarda can ƙasan kofi yadda ba za ta faɗo ba, ki kifa kofin a tsaye cikin bokitin ruwa har ya nutse, amma kafin ki ciro ki tambaye shi, takardar ta jiƙe ko ba ta jiƙe ba? Zai ce ta jiƙe. Za ta fito a bushe, saboda iskar da ke cikin kofin ta tare wurin ta hana ruwa shiga. To daga nan ya yarda iska abu ce mai cin wuri, kuma abin da yake cin wuri ana iya tura shi, shi ma ya tura ka.

Sai ki kunna fanka ki ba shi faffaɗan kwali ya riƙe a kwance a gabanta, ya ɗan ɗaga bakin gaban kaɗan, zai ji kwalin yana neman tafiya sama a hannunsa. Aikin fiffiken jirgi kenan, yana karkatar da iska zuwa ƙasa ita kuma tana tura shi sama, shi ya sa jirgi sai ya yi gudu sosai a kan titinsa kafin ya ɗaga, injin ba ɗaga shi yake ba, tura shi gaba yake don iska ta yi ta bi ta jikin fukafukan da ƙarfi.

Wanda na fi so kuwa shi ne rokar balan-balan. Ki zura dogon zare cikin sitiro, wato bututun shan lemo, ki ɗaure zaren tsakanin kujeru biyu ya miƙe sosai, a hura balan-balan kar a ƙulle bakin, a manna shi jikin sitiron da salatif sannan a saki. Iska ta yi baya, balan-balan ya yi gaba, dokar da Isaac Newton ya wallafa tun 1687 kenan, kuma da ita roka take tafiya har yau. Sai dai don Allah kar a tsaya a ihu da tafi, ki sa shi ya auna inda ya tsaya da taku ya rubuta, ya ƙara hura shi fiye da na farko, ya yi hasashe tukuna sannan ya saki. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji, in ya canza zare da balan-balan lokaci guda ba zai san wanne ne ya kawo bambancin ba.

In kuma ya naɗa jirgin takarda ya ƙi tashi ya fara fushi, ki ba shi labarin Wilbur da Orville Wright, masu shagon kekuna ne a Amurka, sun gwada siffofin fiffike wajen 200 a wani akwati da ake hura iska ta cikinsa wanda suka haɗa a 1901, kuma ranar 17 ga Disamba 1903 da jirginsu ya tashi, daƙiƙa 12 kacal ya yi a sama a tashin farko, tafiyar kamar mita 37.

Tambaya: Malam ni malamin firamare ne, darasin makamashi yana ba ni wahala, yara suna haddace ma'anar amma ba su gane ba. Ina mafita?

Amsa: Malam ka ajiye ma'anar zuwa ƙarshen darasi. Ka sa bakin balan-balan a bakin kwalbar da ba komai ciki, ka tsayar da ita cikin ruwan zafi, balan-balan zai fara kumbura ba wanda ya hura, ka mayar cikin ruwan sanyi ya lanƙwashe. Zafi ne ya shiga iskar ta buɗe. Iska mai zafi ta fi ta kewayenta rashin nauyi, da haka 'yan'uwa biyu 'yan gidan Montgolfier suka tashi ƙaton balan-balan a Faransa a 1783, kuma su kansu a lokacin sun ɗauka hayaƙin ne yake ɗaga shi, yara suna jin daɗin jin cewa manya ma sun yi kuskuren fahimta.

Bayan nan kowane yaro ya yanka takarda ya yi ƙaramar farfela a kan fensir, a zura fensirin cikin bututun takarda yadda zai iya juyawa, a ɗaura zare a jikin fensirin da ɗan maɓalli a ƙarshensa, in an hura farfelar fensirin yana juyawa cikin bututun takarda zaren zai naɗe ya jawo maɓallin sama. Ka tambaye su, ƙarfin da ya ɗaga maɓallin daga ina ya fito? Ka bar su su yi gardama, kar ka yi saurin raba musu.

Ruwan zafin dai kai za ka zuba da hannunka, kuma fasasshen balan-balan a tsince shi nan take, ƙananan yara suna sa shi a baki ya shaƙe su.