Takardar farko ta Donna Strickland

Ƙanwata mai karatun fiziks a Jami'ar Jos, kin tambaya ko yawan takardun da masani ya wallafa shi ne ma'aunin tasirinsa. Ni kam ban yarda ba. Dubi Donna Strickland 'yar Kanada.

A 1985 tana ɗalibar digirin digirgir a Jami'ar Rochester ta Amurka, ita da malaminta Gérard Mourou, Bafaranshe, suka wallafa takardarta ta farko. Matsalar lokacin ita ce, in an ƙara wa gajeriyar walƙiyar hasken leza ƙarfi, sai ta lalata na'urar da ke ƙarfafa ta. Sai suka fara miƙar da walƙiyar ta yi tsawo kaifinta ya ragu, suka ƙara mata kuzari, sannan suka sake matse ta. Yau da irin wannan haske ake yankan tantanin ido a tiyatar gyaran gani.

A 2018 su biyun suka raba rabin kyautar Nobel ta fiziks saboda wannan aikin, ɗaya rabin Arthur Ashkin ya ɗauka. Ita ce mace ta uku da ta samu a fiziks, bayan Marie Curie a 1903 da Maria Goeppert Mayer a 1963. Kin san abin mamaki? A lokacin ko cikakkiyar farfesa ba ta zama ba a Jami'ar Waterloo ta Kanada, inda take koyarwa.