Ga mai tambaya kan zazzabin da ya ƙi sauka

'Yar uwa, sau biyu na karanta tambayarki, gabana na faɗuwa. Kin ce 'yarki mai rami a zuciya ta yi mako uku zazzabi na zuwa yana komawa, ga zufa cikin dare, an ba ta antibayotik har sau biyu ba sauƙi. Wallahi kamar labarin ɗana kike bayarwa.

Nawa VSD ne da shi, wato rami a bangon da ya raba ɗakunan zuciya biyu na ƙasa, yana shekara 7 a lokacin. Zazzabin ba mai tsanani ba ne, shi ya ruɗe ni. Sai kasala da rama, abinci ma sai an yi da gaske. Likitan da muka fara gani, na ce masa yaron nan da ramin zuciya aka haife shi, ko ɗago kai daga takarda bai yi ba. Wai kowane yaro yana zazzabi. Ya rubuta sirof na antibayotik. Na koma bayan kwana goma, na ce ko za a duba jininsa, sai ya ce, "Ke ce likitar ko ni?" A gaban yarona! Na haɗiye, na fito ina share hawaye. Har gobe ban manta fuskarsa ba.

Wani dare ya tashi shan ruwa, kofin ya suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya ɗan karkace, yana kirana kalmar ba ta fita. Ashe ƙwayar cuta ta yi tsiro a kan bawul ɗin zuciyarsa, wato 'yar ƙofar da ke hana jini komawa baya, wani guntu ya ɓalle ya bi jini zuwa ƙwaƙwalwa. Endokadaitis suke ce masa. Tasa Streptococcus ce, irin mai zama a baki, ta shiga jini ta wani ruɓaɓɓen haƙori da na raina. Akwai kuma Staphylococcus aureus, ita daga fata take shiga, ta ƙurji, ciwo ko allurar ƙarin ruwa, kuma ta fi saurin lalata bawul.

Don Allah kar ki yarda a ƙara mata wani magani kafin a ɗebi jini a yi gwajin shuka ƙwayoyin cuta, kuma ba sau ɗaya ba, sau uku ake ɗiba. Namu na farko bai nuna komai ba saboda sirof ɗin can. Ki nemi likitan zuciya ya yi mata eko, wato hoton zuciya. Ki duba ƙarƙashin farcenta, ko akwai siraran layuka jajaye, da haƙoranta ma.

Mako 6 muka yi a kwance ana ba shi magani ta jijiya. Yanzu kafin a cire masa haƙori ko a taɓa dadashinsa, sai ya sha antibayotik ɗin amoksisilin, tunda ya taɓa yin ciwon. Hannun ya dawo, alhamdulillahi, sai dai rubutunsa har yanzu yana rawa. Ki kai ta yau, kar ki jira ranar da aka ba ku.