Ƙari a Muƙamuƙi: Tambayoyinku da Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, shekara uku ke nan gefen muƙamuƙin yayana yana kumbura, kuma ba ya masa ciwo. An ɗebi nama an gwada, aka ce wani ƙari ne mai suna ameloblastoma, ba kansa (ciwon daji) ba. To me ya hana shi daina girma?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, Malama. Lokacin da haƙori yake haɗuwa a yarinta, akwai ƙwayoyin halitta masu ƙera farin ɓawonsa. Idan sun gama aiki, 'yan kaɗan sukan yi saura su kwanta cikin ƙashi. A wasu mutanen sai su farka su ci gaba da rarrabuwa ba tsayawa, har su zama ƙari. A 2014 masu bincike sun gano cewa da yawan waɗannan ƙarin suna ɗauke da tangarɗa a sinadarin gado mai suna BRAF, wadda ke hana su jin umarnin tsayawa. Da wuya ameloblastoma ya bazu zuwa wasu sassan jiki, shi ya sa ba a kiransa ciwon daji. Amma a inda yake, cin ƙashi yake a hankali har ya zama kamar ɓawon ƙwai, haƙora su soma girgiɗi. Kusan 80 cikin 100 a muƙamuƙin ƙasa suke fitowa, can wajen haƙoran ciki. Rashin ciwon nan shi ke yaudarar mutane su makara.

Tambaya: A takardar gwajina na ga an rubuta Ki-67, wai ya yi ƙasa. Hankalina ya kwanta ke nan?

Amsa: Ki-67 furotin ne da ke bayyana a ƙwayar da ke cikin aikin rarrabuwa. Ana rina naman, a ƙirga ƙwayoyin da suka kama launi a ƙarƙashin madubin likita. Sunan ma daga birnin Kiel na Jamus ya samo asali. Ƙarancinsa yana nuna girman ba na sauri ba ne, amma ni dai, ɗan'uwa, ba na yanke hukunci da shi kaɗai. Sai na haɗa da hoton ƙashi da irin ƙarin.

Tambaya: Me ya sa aka ce sai an yanke ƙashin 'yata? Ba za a iya kankare ƙarin kawai ba?

Amsa: Ya danganta da irinsa, Baba. Wani ƙarin muƙamuƙi mai suna odontoma, misali, yakan daina girma da kansa, a ciro shi a huta. Ameloblastoma kuwa yana zura saiwa cikin ƙananan ramukan ƙashi, fiye da inda hoto ya nuna iyakarsa. A hoton ma kamar kumfar sabulu yake. Idan kankarewa aka yi, sau da yawa yakan dawo. Don haka ake haɗawa da lafiyayyen ƙashi kamar santimita 1 zuwa 1.5 a yanke, sannan a cike gurbin da ƙashin ƙugu ko na ƙwauri. Bayan tiyata kada ta daina zuwa a duba ta, domin yakan iya dawowa ko bayan shekara 10.