Ɗana zai mai da wasan badmintan na bibbiyu sana'a: mene ne hukuncinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni magidanci ne a Gusau. Ɗana ya fara buga badmintan tun yana sakandare. Yanzu kocinsa ya ce ya fi ƙwarewa a wasan bibbiyu, wato wanda mutum biyu ke karawa da mutum biyu, yana so ya riƙe shi sana'a, ya riƙa zuwa gasa ana biyansa. Ya kuma kawo shawarar a haɗa shi da wata yarinya su buga na mace da namiji. Mahaifiyarsa ta ƙi, ni kuma hankalina ya rabu biyu. Kuɗin halal ne? In bar shi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Alhaji, Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya tun yaro bai sa hannu a takarda ba.

Wasan kansa halal ne. Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito, kuma Bukhari da Muslim sun kawo cewa Habashawa sun yi wasa da masu a cikin masallacinsa bai hana ba. Badmintan ma ya fi wasanni da yawa tsira, domin akwai raga tsakanin ɓangarorin biyu, babu dukan fuska irin na dambe, ƙwallon gashi kawai ake bugawa da raket har wani ɓangare ya kai makin da aka ƙayyade.

Maganar kuɗi ce take bukatar natsuwa. Albashi ko alawus da kulob ko hukumar wasanni ta jiha za ta biya shi ladan aiki ne, wato ijara, kuma ijara a kan aikin da yake halal ta halatta. Kyautar lashe gasa kuwa akwai saɓani a kanta, ba zan ɓoye maka ba. Hadisin Abu Huraira da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya taƙaita sa kyauta a tseren raƙuma da dawakai da harbi. A kan wannan Shehu Khalil ya tafi a Mukhtasar, ya ce sauran gasa sun halatta ne idan babu kyauta, kuma wannan shi ne mashahuri a mazhabarmu ta Malikiyya. Sai dai Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Doha a shekarar 2003, ta halatta gasa mai kyauta da sharuɗɗa: abin da ake gasar a kansa ya zama halal, kada kyautar ta fito daga aljihun dukkan masu gasar, a sami manufa da shari'a ta yarda da ita, kuma kada gasar ta jawo barin wajibi ko aikata haram. Ga wannan ra'ayi zuciyata ta fi karkata, saboda idan gwamnati ko kamfani ne ya ba da kyautar, babu ɗan wasan da ya yi asarar dukiyarsa don wani ya ci. Wanda ya bar ta don tsentseni kuma ba a zarginsa. Abin da babu saɓani a haramcinsa shi ne irin wanda samari ke yi a unguwa, kowa ya ajiye kuɗi wanda ya ci ya kwashe. Wannan caca ce ko da an kira ta gasa.

Yanzu ga shawarar koci. A nan mahaifiyarsa tana da gaskiya. Mai kallo yana ganin wasan awa ɗaya ne a gaban jama'a, sai ya ce ina laifi? Amma sana'ar bibbiyu ba a filin gasa take ƙarewa ba. Hukumar badmintan ta duniya, BWF, mai hedikwata a Kuala Lumpur, tana lissafa maki ne da sunan mutum biyun a haɗe, shi ya sa 'yan wasa ke daɗewa shekaru da abokin wasa ɗaya. Atisaye tare kullum, tafiya tare, masauki ɗaya, tafa hannu bayan kusan kowane maki, rungumar juna in an yi nasara. Saurayi da budurwa ajnabiyya a wannan hali, yaya za su kauce wa kaɗaitar da Annabi (SAW) ya hana a hadisin Bukhari da Muslim, inda ya ce kada namiji ya keɓe da mace sai da muharraminta? Don haka ban ga halaccin wannan ba, kuma ita ma yarinyar 'yar wani ce, tana da haƙƙi a kanmu. Ƙin wannan ba zai rufe masa ƙofa ba. Bibbiyu na maza gasa ce mai zaman kanta, tana cikin Olamfik tun 1992 a Basalona, shekara huɗu kafin a shigar da na mace da namiji. 'Yan Najeriya biyu, Godwin Olofua da Anuoluwapo Opeyori, ta wannan ƙofar suka je Olamfik ɗin Tokyo.

Sutura kuma, Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce cinya al'aura ce, ko da yake ba ta kai tsiraici mai tsanani ba. Ya rufe tsakanin cibiya da gwiwa, wannan ba zai rage masa komai ba. Mohammad Ahsan na Indonesiya ya ci gasar zakarun duniya ta bibbiyu sau uku tare da Hendra Setiawan, a 2013 da 2015 da 2019, kuma a shekarunsa na baya an san shi da dogon wando a ƙarƙashin gajeren. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce wa yaron sai ya tuɓe zai yi fice. Ya kuma duba abin da aka rubuta a rigar: tallar giya ko ta kamfanin caca ba ta halatta ya ɗauka a ƙirjinsa, komai yawan kuɗin.

Salla ba ta jiran gasa. Sau da yawa ana jera wasanni ne ɗaya bayan ɗaya, ɗan wasa bai san takamaiman lokacin da za a kira shi ba, saboda haka ya riƙa yin salla a farkon lokaci. Idan ya yi tafiyar da ta kai nisan ƙasaru zai yi ƙasaru, in kuwa ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a garin, sai ya cika.

Saura amana, kuma ita ce ta fi damuna a wasan bibbiyu, domin mutum ɗaya yana iya jan ɗan'uwansa cikin ha'inci. A Olamfik ɗin Landan na 2012 an kori 'yan wasa mata takwas daga Sin da Koriya ta Kudu da Indonesiya, saboda sun yi ta ɓarar da wasa da gangan don su sami abokan karawa masu sauƙi a zagaye na gaba. Sayar da wasa ko faɗuwa da gangan yaudara ce, kuɗin da aka karɓa a kai rashawa ne. Shi ya sa nake roƙonka, Alhaji, ka binciki yaron da za a haɗa su kamar yadda za ka binciki mai neman 'yarka: sallarsa, gidansu, da waɗanda yake hulɗa da su. Su kuma yi yarjejeniya a rubuce kan rabon kyauta da kuɗin tafiya tun kafin a ci ko sisi.

Idan waɗannan sun cika ka bar shi ya buga na maza, da sharaɗin kada ya ajiye karatunsa, domin ciwon gwiwa da kafaɗa kan sa ɗan wasa yin ritaya tun yana da sauran ƙuruciya. Ka zauna da mahaifiyarsa ka karanta mata wannan amsa, sannan ku kira kocin ku gaya masa a fili cewa batun yarinyar an rufe shi.

Wallahu a'alam.